Ku Tambayi Kawu: Mai Zagi a Waya, Mai Zagi a Bakin Ƙofa

Assalamu alaikum, masu karatu. Cikin wasiƙun da suka iso mini a wannan wata na ware uku gefe guda, domin garuruwansu daban ne amma ciwonsu ɗaya. Waɗanda suka daɗe da wannan shafi sun san cewa kafin in koma duba aikin masu gadi a Kaduna, shekara 6 na yi a tsaye a ƙofar wani gidan rawa a Ikeja, na ƙara wasu shekarun a ƙofar ɗakunan biki a Abuja. Zagi dai na sha shi da Turanci, na sha da Yarbanci, na sha da Hausar da na tsotsa a nono. Abin da zan faɗa muku, a tsaye na koye shi.

TAMBAYA

Kawu, ni ɗalibi ne, nakan buga PUBG, wasan harbe-harbe na intanet, da daddare idan na gama karatu. Matsalata ita ce idan wasa ya haɗa ni da baƙi, ina buɗe baki suka ji harshena sai a fara: "Aboki, koma ka yi kiwon shanu." Wani har mahaifiyata yake zagi. Ni kuma ba na iya haɗiyewa, sai na rama. Shekaranjiya mun kusa awa guda muna zage-zage da wani, har na ce masa in ya isa ya faɗi inda yake. Na kwanta zuciyata tana tafasa, da ƙyar na tashi sallar asuba. Abokaina sun ce in daina kunna murya gaba ɗaya, ni kuma gani nake wannan tsoro ne. Yaya zan yi?

Daga wani ɗalibi, Samaru, Zariya

AMSA

Ɗana, zan fara da ƙarshen wasiƙarka, domin nan ne gabana ya faɗi. "In ka isa ka faɗi inda kake." Kada ka ƙara furta wannan, kuma duk wanda ya ce maka haka kada ka amsa, ko da adireshin ƙarya ne. Ranar 28 ga Disamba, 2017, wasu matasa biyu a Amurka suka yi faɗa a wasan Call of Duty kan cacar da ba ta wuce dala ɗaya da rabi ba. Ɗaya ya yi barazana, ɗayan ya ce bismilla, ya ba da adireshin wani gida a birnin Wichita na jihar Kansas, gidan da ya riga ya tashi daga ciki. Aka sa wani na uku a Los Angeles ya buga wa 'yan sanda waya, ya shirga ƙaryar cewa an yi kisa a gidan kuma ana garkuwa da mutane. 'Yan sanda suka kewaye gida. Wani bawan Allah ɗan shekara 28, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya buɗe ƙofa ya ga me ke faruwa, aka harbe shi ya mutu. Wanda ya buga wayar an yanke masa ɗaurin shekara 20 a 2019. Magana zarar bunu ce, ta cikin waya ma haka take.

Sai batun "aboki". Na san ɗacin kalmar nan tun ba a haife ka ba. Kalma ce tamu, kuma kyakkyawa, amma a bakin wasu a Kudu ta koma sunan raini: mai gadi aboki, mai shayi aboki, mai yankan farce aboki, wato mutumin da ba a buƙatar sanin sunansa. Ba zan ce maka ba ta da zafi ba.

Da wasiƙarka ta zo, na sa autana ya zaunar da ni ya maƙala mini abin sauraro a kunne. Ya nuna mini yadda mutum 100 suke dira daga jirgi a kan tsibiri guda, huɗu-huɗu, kowa na son ya zama shi ne ya rage. Muka sauka a wani gari da suke kira Pochinki. Ba a yi minti biyu ba aka kashe ɗaya daga cikin namu, sai ya saki baki. Na kasa kunne da kyau. Muryar ko gama fashewa ba ta yi ba, yaron nan in ya yi yawa ya kai shekara 14. Ga ƙarar janareto a bayansa, ga wata mata tana ƙwala masa kira. Irin wannan ne fa ya hana ka barci har ya nemi raba ka da asuba.

Mai zagi a wasa ba ya ganin fuskarka, ba ya tsoron mari, ba zai haɗu da kai a masallaci ko a kasuwa ya ji kunya ba. Abu ɗaya kaɗai zai iya samu a wurinka, shi ne ya ji muryarka tana rawa. Duk sanda ka rama, ka biya shi ladan aikinsa. Game da mahaifiyarka kuwa, ka tuna hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya lissafa zagin iyaye cikin manyan zunubai, aka tambaye shi yaya mutum zai zagi iyayensa, ya ce ya zagi uban wani, shi kuma ya zagi ubansa. Awa guda da kuka yi kuna musayar ashar, kai kana ganin kare ta kake yi, alhali kowace ramuwa taka wani sabon zagin ta jawo mata.

Abokanka sun ce ka rufe baki gaba ɗaya. Ban goyi bayansu ba. Wasa ne na mutum huɗu, sai da magana ake cin sa, kuma babu dalilin da zai sa ka ɓoye harshenka kamar abin sata. Abin da nake so ka yi shi ne, in an jefe ka da magana ta farko, ka amsa da maganar wasa, muryarka a kwance: ga mutum biyu bayan gidan can, ina da magani in kana so. Da yawa a nan suke sauka, domin haushin kashe su da aka yi ne yake cin su, kai ka zo a kan gaɓa ne kawai. In ya maimaita, ka faɗa sau ɗaya tak cewa ba ka wasa da zagi. In ya ƙara, autana ya nuna mini cewa ana iya kashe muryar mutum ɗaya a bar ta sauran. Ka kashe tasa, ka ci gaba da wasanka, kuma kada ka yi masa sanarwa, domin sanarwar ma amsa ce. Bayan an tashi ka danna wurin kai ƙara.

Kada ka ɗauka kai ƙarar aikin banza ne. A PUBG ɗin waya akwai makin ɗa'a da ke farawa daga 100, wanda nasa ya faɗi ƙasa da 60 sai a hana shi shiga wasan ƙungiya. A watan Agustan 2023 kamfanin Microsoft ya fito da tsarin gargaɗi a na'urar wasansa ta Xbox, inda wanda ya tara 8 ake raba shi da hira da wasan haɗaka na shekara guda. A 2023 ɗin ce kuma masu Call of Duty suka sa na'ura mai sauraren muryoyin 'yan wasa tana tsinto masu cin mutunci. Amma ka lura, wuƙar nan baki biyu gare ta. Ranar da kuka yi awa guda kuna zage-zage, in da shi ya riga ka kai ƙara, taka muryar ma tana ciki.

Daga ƙarshe, a Samaru kake, ɗalibai sun fi a ƙirga. Ka nemi mutum uku masu natsuwa ku zama ƙungiya, ka rage shiga cikin baƙi. In kuma ka ci karo da baƙon da ya yi wasa da mutunci, ɗan Inugu ne ko ɗan Ibadan, ka riƙe shi. Suna nan da yawa, surutun marasa kunyar ne ya rufe su.

TAMBAYA

Kawu, barka da aiki. Ni mutumin Funtuwa ne, ina zaune a Mararraba. Wata uku ke nan wani kamfanin tsaro ya tura ni ƙofar wani gidan rawa a Wuse. Allah ya ba ni jiki, shi ya sa suka ɗauke ni, amma babu wanda ya koya mini komai, riga kawai aka miƙo mini. Kullum sai an ce mini "Ka san ko ni wane ne?" Wani ya taɓa watsa mini kuɗi a fuska. In na bar wanda bai cancanta ba ya shiga, manaja ya zage ni. In na hana, baƙo ya zage ni. Daren Asabar da ta wuce saura ƙiris in mari wani. Ina da mata da 'ya'ya biyu a gida. Ka ba ni shawara kafin in yi abin da zan yi nadama.

Daga wani mai tsaron ƙofa, Mararraba

AMSA

Ƙanena, wasiƙarka ta mayar da ni baya, domin yadda aka yi maka haka aka yi mini. An auna ƙirjina da ido, aka ba ni baƙar riga, aka ce tsaya nan. Zan ba ka labari biyu, ɗaya na abin da na gani, ɗaya na abin da na aikata.

A gidan da na yi aiki akwai doka, ba a shiga da silifas. Wani daren Juma'a, wajen ƙarfe ɗaya, wata farar jif ta tsaya, wani matashi ya fito da 'yan mata biyu, agogon hannunsa kaɗai ya fi albashina na shekara, ga silifas a ƙafa. Layi cike da mutane. Na sa hannu na tare shi, na ce da ƙarfi, "Ba a shiga da wannan." Kowa ya juyo ya kalli ƙafarsa. Nan take ya birkice: ka san ko ni wane ne, zan sayi gidan nan da kai a ciki, aboki kawai. Ya zaro kuɗi ya zubar a gabana ya ce in tsince. Jikina ya fara ɓari.

Babbanmu a ƙofa wani dattijo ne ɗan Binuwai, tsohon soja, gajere, ko kafaɗata bai kai ba. Ya zo ya tsaya a gefen matashin, ba a gabansa ba. Ya gaishe shi kamar ya san shi shekara goma. Ya ce, "Yallaɓai, ina da magana da kai, ba ta kunnen mutane ba ce." Ya ja shi taku biyar zuwa jikin motarsa. Ina hango su, dattijon yana magana ƙasa-ƙasa, hannuwansa a buɗe. Ba a jima ba matashin ya buɗe but, ya ciro takalmi sau-ciki ya sa. Ashe yana da shi tun farko. Dattijon ya sunkuya ya tattara kuɗin nan, ya kaɗe ƙurar, ya miƙa masa ya ce, "Kuɗinka sun zube, yallaɓai." Ya karɓa, bai ce uffan ba, ya shige.

Da gari ya waye muna shan shayi, dattijon ya ce mini ba dokar ce ta harzuƙa yaron ba, ni ne na tsiraita shi a gaban matan da ya zo ya burge. Da zarar idon jama'a ya sauka a kan mutum, ba maganar takalmi ake yi ba kuma, maganar mutunci ake yi, kuma a kan mutunci ko matsoraci yana iya faɗa. Ya ce aikinka ka tsare ƙofa, amma ka bar wa mutum hanyar da zai ja da baya ba tare da an ga ya ja da baya ba. Ka lura da kyau, ƙanena: dattijon nan bai sassauta dokar ko da ƙwayar zarra ba. Da silifas ba a shiga ba. Harshensa ne mai laushi, ƙofar tana nan da ƙarfinta. Mutane suna haɗa ladabi da sakaci, suna ganin in ka ce "ranka ya daɗe" to ka ba da kai. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Labari na biyu ba na jin daɗin ba da shi. A shekarata ta biyu, wani da ya bugu ya tsaya a gabana yana nuna ni da yatsa, yana zungurin ƙirjina, yana zagin garinmu da addinina. Na ture shi. Turi ɗaya, da tafin hannu, ko dunƙulewa ban yi ba. Wanda ya sha giya ba shi da ƙafa. Ya tafi da baya, ƙeyarsa ta daki bakin kwalbati. Har yau ina jin ƙarar. Jini ya malale, idanunsa suka juye. Allah ya sa da sauran kwanansa, ya tashi bayan ɗinki da kwanaki a asibiti. Ni kuwa kwana biyu na yi a bayan kanta, kamfanin da ya ɗauke ni ya ce bai aike ni ba, 'yan'uwa a Agege ne suka yi karo-karo suka fito da ni. A cikin waɗannan kwana biyun babu wanda ya tambaye ni me mutumin ya ce. Abin da hannuna ya yi kawai ake tambaya. Marin da ya rage ƙiris ka yi ranar Asabar, ga inda yake kai mutum.

Ka san matsayinka a doka. Dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986 ce take tafiyar da aikinmu, hukumar Sibil Difens ce ke ba kamfanoni lasisi tana sa musu ido, kuma dokar ta hana mu riƙe bindiga. Kai ba ɗan sanda ba ne. Kana da ikon hana shiga, kana da ikon ce wa mutum ya fita, kana da ikon kare kanka daidai gwargwadon abin da aka kawo maka. Ba ka da ikon hukunta kowa. A Ingila, tun bayan dokar da suka yi a 2001, ba ka tsayawa a ƙofar gidan rawa sai da lasisi, kuma kafin a ba ka sai ka yi horo, ciki har da darasin kwantar da rigima da baki. Mu nan faɗin ƙirji ake dubawa. Tunda ba su koya maka ba, ga abin da nake koya wa yaran da ke ƙarƙashina.

Ka riga baƙo gaisuwa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wanda ka gaisar da girmamawa sai ya yi wani sabon shiri kafin ya zage ka. Ka tsaya ɗan karkace, tazarar da hannunsa ba zai iso ka ba, hannuwanka a buɗe inda zai gan su. Kada ka harɗe su a ƙirji, kada ka nuna shi da yatsa, kada ka taɓa shi. In za ka hana, ka jingina hanin ga gida: "Ranka ya daɗe, dokar gidan ce, ni ma ita nake bi." In ya ce ka san ko shi wane ne, kada ka ce ba ka damu ba, nan ne wuta take kamawa. Ka ce, "Na san babban mutum ne kai, shi ya sa nake roƙonka." Sannan ka ba shi zaɓi, ko ya gyara abin da ya hana shi, ko ka kira masa manaja. Wanda aka ba zaɓi yana jin har yanzu linzami yana hannunsa. In ya ɗaga murya, kai ka sauke taka. Dole ya yi shiru in yana son jin abin da kake cewa.

Wanda ya bugu kuwa ba a yi masa dogon bayani. Gajerun kalmomi, ka maimaita su yadda suke, ko sau biyar ne. Kada ka yi gardama da shi, gobe ba zai tuna ba, kai ne za ka kwana da ita. Ka duba cikin abokansa, kusan kullum akwai ɗaya da hankalinsa yake jikinsa, yana jin kunyar abin da ake yi. Shi za ka yi wa magana: "Ɗan'uwa, taimaka mini ka kai shi gida lafiya." Kofi ko ruwan sanyi ba sa fitar da giya daga jini, lokaci ne kaɗai ke yi. In ya faɗi ya fita hayyacinsa, a kwantar da shi ta gefe, kada amai ya shaƙe shi, a nemi asibiti. In kuma rigima ta kai sai an riƙe mutum, kada ka yarda a kifa shi rub da ciki a hau bayansa ko a danne masa wuya. Ta haka numfashi yake ɗaukewa, kuma mutane sun mutu a hannun masu tsaro ta wannan hanya.

Wata dabara da ta cece ni ba sau ɗaya ba: in mutum ya ƙulla da kai, fuskarka kaɗai tana ƙara masa wuta, to ka janye abokin aikinka ya karɓa. Ku shirya wata alama tsakaninku tun kafin dare ya yi, ba a fafe gora ranar tafiya. Mu taɓa hula muke yi. Sabuwar fuska ta zo da "Yallaɓai, me ya faru?" sai ka ga mutum ya koma kai ƙara maimakon faɗa. Janyewar nan ba gudu ba ce, aiki ne.

Akwai iyaka. In an zaro makami, ko ana dukan mace, ko an fara jifa da kwalba, lokacin lallashi ya wuce. Ka kawar da mutane, a kira 'yan sanda, lambar gaggawa 112 ce. Ka san inda kyamarar gidan take kallo, ka riƙa tsayawa a inda take ganinka, domin ranar da za a yi maka sharri ita ce shaidarka. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta duk abin da ya faru da lokacinsa kafin ka bar wurin. Manajan da ke zaginka kuma, ka same shi da rana, ba cikin dare ba, ka roƙe shi ya rubuta maka dokokin ƙofa a takarda, a manna a bango. Rabin wahalarka daga nan take, ana sa ka tsare dokar da ke canzawa da girman motar baƙo.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma kai ƙanena ne. Na san abin da ake sha da abin da ake yi a bayan ƙofar da kake tsarewa, na kuma san yadda zuciya take yi in an fito ana kiran assalatu. Ni ranar da na samu gurbi a ɗakin biki ban ƙara kwana ba, duk da kuɗin bai kai ba. Ka zauna da malamin da ka yarda da shi, ka kuma roƙi kamfaninku su sa ka a layin masu jiran gadin banki, asibiti ko makaranta. Kafin nan, in ka sauka daga motar Mararraba da safe, ka yi alwala kafin ka yi wa kowa magana a gida. Matarka da yaran nan biyu ba su ne suka watsa maka kuɗi a fuska ba.

TAMBAYA

Kawu, ina gaisuwa. Ni ce admin ta wani guruf na WhatsApp na masu buga wasan harbe-harbe na waya, Free Fire, mun kai 60, maza da mata. Akwai wani da ya fi kowa iya wasa, shi ne yake ciyo mana gasa, amma bakinsa babu linzami. Yana kiran sababbi jakai, yana yi wa mata maganganun banza. Mata huɗu sun fice shiru. In na cire shi maza za su ce na yi son kai, wasu ma za su bi shi. Kuma ya girme ni.

Daga wata 'yarka, Unguwar Rogo, Jos

AMSA

'Yata, ke ma mai tsaron ƙofa ce, riga ce kawai ba a ba ki ba. Kina tsoron waɗanda za su bi shi in ya fita, amma ki ƙirga waɗanda suka riga suka fita saboda yana ciki. Huɗu kika gani. Waɗanda suke nan amma sun daina magana fa? A gidan rawa mun sha ganin haka: a ƙyale mai kashe kuɗi yana cin zarafin mutane don kada a rasa cinikinsa, a wayi gari masu mutunci sun ƙaurace, an bar gida da irinsa.

Kada ki fara da shi. Ki fara da doka. Ki samu mutum biyu da ake ganin girmansu a guruf ɗin, aƙalla ɗaya namiji wanda ya kai shi shekaru, ki mai da su admin. Ku rubuta doka gajeriya, layi uku sun isa: babu zagi, babu maganar banza ga mata, wanda ya karya za a yi masa magana sau ɗaya, na biyu a fitar da shi mako guda, na uku a sallame shi. Ku sa a bayanin guruf, kowa ya gani, ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Daga ranar ake fara lissafi, abin da ya wuce ya wuce.

Ranar da ya karya, kada ki tanka masa a gaban mutum 60. Admin tana da ikon goge saƙon kowa, ki ɗauki hoton saƙon ki ajiye, ki goge. In wuri ya yamutse, ki mayar da guruf ɗin admin kaɗai ke iya rubutu na awa ɗaya, ƙura ta lafa. In kuma ya koma bin wata da barazana ta bayan fage, wannan ya wuce hurumin guruf, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi hukunci a kai, hotunan da kika ajiye su ne hujja.

Sannan ki tura masa saƙo shi kaɗai, da safe, ba tsakar dare ba lokacin da jini yake a sama. Tunda ya girme ki, ki ba shi girmansa: "Yaya, ina kwana. Kowa ya san kai ne ƙarfin guruf ɗin nan, sababbi kai suke kallo. Maganar jiya ta saɓa dokar da muka sa, na goge ta. Ina roƙon kada a sake, domin in an sake dole mu bi abin da aka rubuta, kuma ba na son ya kai ga haka." In ya dawo miki da baƙar magana, kada ki amsa, ki tura wa sauran admin biyun. Matan nan huɗu kuma ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki ba su haƙuri, ki tura musu dokar, ki ce ƙofa a buɗe take duk ranar da suka ga dama.